Lambu a cikin gilashi: yadda ake haɗa akwatin kifi da tsirran ruwan ƙasarmu

Yawancin akwatunan kifin da ake gani a falon gidaje da harabar otal-otal kusan iri ɗaya ne: tsakuwa mai fenti, furen roba, inji yana ta gurnani, da kifaye uku ko huɗu suna kai da kawowa. Irin wannan akwati rayuwarsa a hannun wutar lantarki take. Idan aka ɗauke wuta ta kwana biyu, ruwa ya lalace, a wayi gari kifi sun juya ciki sama. Akwatin da aka cika da tsirrai masu rai kuwa yana da juriya, domin tsirran suna shanye ƙazantar da kifi ke fitarwa, suna kuma ba ruwan iskar shaƙa muddin akwai haske. Ga wanda yake zaune inda wuta ba ta da tabbas, ƙa'idar ita ce shuka mai yawa, kifi kaɗan, inji kuma mataimaki kawai. Sa'ar da muka yi ita ce wasu daga cikin tsirran da ake saye da tsada a shagunan Turai da Amurka asalinsu na Afirka ta Yamma ne, wasu ma suna nan a tafkin bayan gari.

Akwatin da mazauninsa

Kada ka fara da ƙaramin tulun gilashi don ganin ya fi araha. Ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi da saurin gurɓata. Mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 35 ya isa mafari, yana cin wajen lita 60. Masu yankan gilashi za su iya haɗa maka shi da gilashi mai kaurin milimita 6, amma ka tsaya a kan gam ɗin da za a yi amfani da shi. Silikon da ake sa wa banɗaki da kicin sau da yawa yana ɗauke da maganin hana fumfuna, wanda guba ne ga kifi. A nemo wanda aka rubuta cewa na akwatin kifi ne, a bar shi ya bushe kwana uku zuwa bakwai, sannan a cika akwatin da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu don a ga ko yana yoyo. Gara ya zubar a can da ya zubar a kan kafet.

Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan ka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu, kana maganar kilo 80 ko fiye. Teburin ya zama mai ƙwari, samansa a miƙe, a shimfiɗa farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin a ƙarƙashin gilashin. A zaɓi wuri mai haske amma wanda rana ba ta dukansa kai tsaye. Bangon da ke shan ranar yamma ma a guje shi, don yana riƙe zafi har dare.

Ƙasa, yashi, dutse da itace

Shimfiɗa biyu ake yi. Ta ƙasa ita ce abincin saiwa: ƙasar lambu mai duhu, wadda ba a taɓa zuba mata takin zamani ko kashin dabbobi ko maganin feshi ba. A tankaɗe ta a cire ƙirare da tsakuwa, a jiƙa a bokiti, a kwashe duk abin da ya taso, a shanya ta bushe, a sake jiƙawa. Yin haka sau biyu ko uku yana rage ɗanyen ruɓaɓɓen abin da zai dame ka daga baya. A gauraya ta da ɗan garin marmara ko jar ƙasa, kamar cikin tafi biyu. Jar ƙasar nan tana da sinadarin ƙarfe da tsirrai ke so, har a ƙasashen waje ƙunshe ta ake yi a leda ana sayar wa masu wannan sha'awa. Kaurin wannan shimfiɗa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. Idan ta yi kauri, iska ba ta shiga, sai ta fara tusar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

A kanta sai yashin rafi mai ɗan gautsi, wanda ƙwayarsa ta kai milimita 1 zuwa 3, kauri santimita 3 zuwa 4. A wanke shi har ruwan wankin ya fita garau, kuma hakan na ɗaukar lokaci fiye da yadda mutum ke zato. Yashi mai laushi kamar gari yana toshe numfashin ƙasa, manyan tsakuwa kuma suna barin laka ta ɓullo.

Dutsen da za ka sa, ɗiga masa ruwan khal ko na lemon tsami. In ya yi kumfa, farar ƙasa ce a jikinsa, zai ƙara wa ruwa nauyi, ajiye shi. Duwatsun da ake fasawa a kwari don gini galibi ba sa kumfa, sun dace. Itace kuwa sai busasshe ƙayau mai tauri, a ɓare ɓawon, a tafasa ko a jiƙa makonni har ya nutse da kansa. Kada a kusanci aduwa, domin ɓawonta da 'ya'yanta suna kashe kifi. Dogon yaro da tumfafiya da duk icen da ke fitar da farin ruwa ko ƙaro su ma a bar su.

Tsirran da za a nema

Bado shi ne sarki a nan. Farin badon da ke rufe tafkunanmu da damina, wanda masana ke kira Nymphaea lotus, shi ne dai wanda ake sayar da nau'insa mai jan ganye da ɗigo-ɗigo a shagunan waje. A nemi ƙaramin tushe mai ƙwari wanda bai yi laushi ba, a ɗora shi a kan yashi a danna rabinsa kawai, kan da ke tsiro yana waje. Halinsa shi ne ya aika ganye zuwa saman ruwa, kuma da ganye ɗaya ya isa sama sauran za su bi, cikin ɗan lokaci ya rufe akwatin ya hana kowa haske. Idan kana son ya zauna a ƙasa ya yi kumbo, ka riƙa yanke duk ganyen da ya kama hanyar sama tun daga gindi. Tushe ɗaya ya isa akwatin lita 60.

Akwai wata ciyawa mai ganye siri-siri kamar allura da ke kewaye kara gaɓa-gaɓa, tana da ɗan kaushi a hannu, ba ta da saiwa ko kaɗan, Ceratophyllum demersum. Ana samunta a tafkuna da madatsun ruwa da yawa, har da Tafkin Chadi. A wurin mafari babu kamarta, saboda tana girma da sauri tana tsotse ƙazanta kafin gansakuka ta samu. Ba a binne ta, ƙasan zai ruɓe. A bar ta tana yawo ko a maƙale ta a bayan dutse. Sai Vallisneria, mai dogayen ganye kamar zirin ƙyalle, wadda ke yaɗuwa ta ƙarƙashin yashi tana fito da 'ya'ya a jere. Ita ta dace da bangon baya, kuma tana son ruwa mai ɗan nauyi irin na rijiyar burtsatse.

Kainuwa, dashen Allah, tana da amfani da illa. Saiwarta mai gashi tana tace ruwa sosai, 'ya'yan kifi kuma suna fakewa a ciki. Amma tana ninka kanta da sauri, kuma ganyenta na ruɓewa idan raɓar murfi tana ɗiga masa. A sa ƙanana uku ko huɗu, a riƙa ragewa ta yadda ba za ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa ba. A duba saiwarta da kyau, akwai wani nau'in sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a jiki tana shaƙar iska ta nan.

Daga kudu akwai biyu da suka cancanci a saya ko a roƙa a wurin masu kiwon kifin ado. Na farko Anubias barteri, mai kaurin ganye kore shar, ɗan ƙoramun daji na kudancin Najeriya da Kamaru. An sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya bi tawagar Baturen nan mai binciken ƙasa, William Baikie, a Kogin Neja, ya rasu a Rabba a 1859. Na biyu Bolbitis heudelotii, mai ganye tsaga-tsaga da ke manne wa duwatsu a ruwa mai gudu. Dukansu biyu suna da wani kwantaccen kara mai kauri da ganye da saiwa ke fitowa daga jikinsa, kuma in aka binne wannan kara tsiron ya mutu. Ɗaure su ake yi a jikin dutse ko itace da zaren ɗinki, bayan wasu makonni su kama da kansu. Anubias yana jure ƙarancin haske da sakaci fiye da kowane tsiro da na sani, shi ya sa nake ganin ko mutum zai sayi abu ɗaya tak, ya sayi shi. Bolbitis ya fi shi tsirfa, yana son ruwa mai motsi kuma ba ya son zafi mai yawa, don haka mazaunin Sakkwato ko Maiduguri ya yi tunani kafin ya kashe kuɗinsa.

Biyu kuma a bar su inda aka gan su. Kachalla ta fi ƙarfin akwati, kuma kowa ya san yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru. Haka nan mai shuɗin furen nan da kumburarren kara da ke yawo a saman ruwa, baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ta bayyana a ruwan Legas a 1984, tun daga lokacin ake fama da ita.

Ɗebowa daga tafki, da maganar tsargiya

Nan ne wanda ke bin shawarar mutanen ƙasashen sanyi zai iya cutar da kansa, domin su ba su da wannan matsala. Ruwan da ke kwance a yankinmu, musamman kududdufai da magudanan noman rani da gefen madatsun ruwa, gidan ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar tana fita daga jikin katantanwa ta yi iyo a ruwa, ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba. Kuma inda katantanwar ta fi son zama shi ne ƙarƙashin ganyen bado da cikin ciyawar da ka zo ɗiba.

Saboda haka kada ka shiga ruwan da ƙafa. Ka tsaya a gaɓa da doguwar sanda mai ƙugiya ko manjagara, ka sa safar hannu ta roba mai tsawo da takalmin ruwa. Inda sai an shiga, ka yi magana da masunta masu kwalekwale su jawo maka, su ne ma suka san inda kowace ciyawa take. In ruwan ya taɓa jikinka, ka goge da tawul nan take, in kuma daga baya ka ga jini a fitsari ko zazzaɓin da ba ka gane kansa ba, ka je asibiti ka faɗi cewa ka yi hulɗa da ruwan tafki. Maganin tsargiya sananne ne. A ɗebi kaɗan daga wurin da tsiron ya yi yawa, a nemi izini in wurin yana da mai shi, a guji ruwan da kwata ko rini ko feshin gona ke gangarawa cikinsa. A leda mai ɗan danshi ake ɗauko su, a inuwa.

A gida, da safar hannu har yanzu, a wanke su ganye-ganye, a cire katantanwa da duk wani abu mai kama da ɗigon majina a bayan ganye, ƙwanta ke nan. Sai a narka babban cokali ɗaya na alif, wanda ake sa wa ruwa don ya kwanta, a cikin lita huɗu na ruwa, a jiƙa tsirran kwana biyu, a ɗauraye sosai. Ciyawa mai laushi tana iya zubar da ganye a wannan jiƙo, a gwada da reshe ɗaya tukuna. Bayan nan a ajiye su a baho daban mai ruwa mai tsabta, a wuri mai haske, an rufe da gidan sauro, na mako biyu zuwa uku. Tsutsar da ke yawo a ruwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku in ba ta sami jikin da za ta shiga ba, don haka abin tsoro shi ne katantanwa mai rai. Kowace safiya a duba, duk wadda ta ƙyanƙyashe a cire. Wannan jira yana kuma fallasa tsutsar mazari, wadda ke cin ƙananan kifi.

Ranar dashe

A shimfiɗa ƙasa da ɗan danshi, a bar tazarar yatsa ɗaya daga gilashin gaba don yashi ya rufe ta, kada a riƙa ganin laka. A zuba yashi, baya ya ɗan fi gaba tudu. A ajiye duwatsu da itace. A ɗora faranti a kan yashi a riƙa zuba ruwa a hankali a kansa har ya kai kamar santimita 10, sannan a yi dashe: dogaye a baya, bado a tsakiya ya ɗan karkata gefe, Anubias a inuwar itace, gaba a bar fili. Vallisneria a binne saiwa kawai, farin wuyan da ganye ke fitowa ya tsaya daidai saman yashi. A dasa da yawa tun ranar farko, aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙasan akwatin. Wanda ya dasa ƙwaya biyar yana jiran su yaɗu, gansakuka ce za ta riga su. A ƙarasa cika ruwa ta kan farantin.

Ruwan famfo yana da kulorin, a tara shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya zuwa biyu, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa, wanda ya fi tabbas. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma wani yana da nauyi, alamarsa farin ɓawo da ke mannewa a cikin butar shayi da sabulu da ba ya kumfa. Irin wannan a raba shi biyu da ruwan sama, wanda aka tara bayan ruwan farko ya wanke rufi.

Haske da iska

Fitilar LED fara, wadda aka rubuta 6500K a kwalinta, mai wat 10 zuwa 15, ta wadatar. A kunna ta awa shida a rana a watan farko, daga baya a kai takwas. Ƙaramin faifan sola da batir zai riƙe ta. Matatar da ta fi dacewa da mu ita ce ta soso, wadda famfon iska ke busawa. Ba ta cin wuta sosai, akwai ma irin famfon da ke da batir a cikinsa, kuma da yake soson a cikin akwatin yake, ƙananan halittu masu tsabtace ruwa da ke jikinsa ba sa saurin mutuwa in wuta ta tafi, saɓanin rufaffiyar matata ta waje da ke ruɓewa cikin sa'o'i. A tuna cewa da dare tsirrai ma shaƙar iskar suke yi, don haka in batir bai isa yini da kwana ba, a ba dare.

Jira kafin kifi

Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu bakteriya suna mayar da ita naitirait, ita ma guba, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wadda tsirrai ke ci. Waɗannan halittu suna bukatar mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawa a soso da yashi, kuma sabuwar ƙasa ita kanta tana fitar da amoniya a makonnin farko. Saboda haka babu kifi tukuna. A riƙa canza rabin ruwan sau biyu a mako a makonni biyun farko, a rufe akwatin da raga don kada ya zama gidan sauro. Wanda ya sami kayan gwajin ruwa ya jira har amoniya da naitirait su nuna sifili. Wanda bai samu ba ya cika mako shida, ya kuma ga tsirrai suna fitar da sabon ganye. In kana da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, matso ruwan sosonsa ka zuba a naka, yana rage jira.

A wannan lokaci wasu ganye za su narke, ruwa ya yi fari-fari na 'yan kwanaki, wata ƙura mai ruwan ƙasa ta hau gilashi. Duk wannan yana wucewa. A cire ruɓaɓɓen ganye, a goge gilashi da sabon soso da bai taɓa sabulu ba.

Kifin da ya dace

Karfasa za ta cinye shukar, tarwaɗa ta tone ta, kifin zinare ya yi duka biyun. Ƙanana ake nema. Poropanchax normani, ɗan mitsitsin kifi mai ido kamar an kunna masa shuɗiyar fitila, ɗan Afirka ta Yamma ne kuma yana son zama cikin garke, takwas zuwa goma sun dace da lita 60. Ko kuma namiji ɗaya da mata biyu na Fundulopanchax gardneri, mai jan ɗigo a shuɗin jiki, daga yankin Binuwai da Kuros Riba. Gwanin tsalle ne, murfi ya zama babu kafa. Pelvicachromis pulcher na kudancin Najeriya, mai jan ciki, yana da kyau ƙwarai, amma yana tono in zai yi ƙwai, kuma ya fi son akwatin da ya fi wannan girma. Arewa ma tana da nata: akwai wani ɗan kifin kududdufin damina, Pronothobranchius kiyawensis, da aka sa wa sunan Kogin Kiyawa na wajen Katagum. Ƙwansa yana kwana cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo, shi kansa kuma ba ya daɗewa a duniya, don haka na ƙwararru ne.

A zuba kifi kashi-kashi, rabi yanzu rabi bayan mako biyu. A bar ledar da suka zo ciki tana yawo a saman ruwa minti 20, a riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan a kwashe kifin da raga a zubar da ruwan ledar. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin ado.

Bazara, hunturu da aikin mako

Waɗannan kifaye sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 26. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin arewa ke haura 40, ruwan ɗaki zai iya wuce 30, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai. A maye murfin gilashi da na raga, a saita ƙaramar fanka tana busa saman ruwa, wannan kaɗai yana sauke digiri biyu zuwa uku. A rage awannin fitila, a rage abinci. Kada a jefa ƙanƙara kai tsaye. Ruwan da ya ƙafe a cike gurbinsa da ruwan sama ko mara nauyi, domin gishirin da ke ciki ba ya tashi tare da tururi, taruwa yake yi. Da hunturu kuma a rufe saboda ƙura, a lulluɓe akwatin da bargo da dare, in ruwan yana sauka ƙasa da digiri 22 a nemi abin ɗumama ruwa mai wat 50.

Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, a mayar da wanda ya kwana. Kada a ja tiyon da baki, a cika shi da ruwa a toshe da yatsa. Kada a caka shi cikin yashi, laka za ta tashi. Soson matata a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka zuƙe sau ɗaya a wata, ruwan famfo zai kashe halittun da aka sha wahalar tarawa. In gansakuka ta fara yawa, a rage haske da awa biyu, a duba ko abinci ya yi yawa, a ƙara Ceratophyllum. In tsofaffin ganyen bado suka fara rawaya bayan watanni, a mulmula jar ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa, a shanya, a tura ta ƙarƙashin saiwa.

Ruwan da aka zuƙe yana da kyau ga shukar tukunya. Rassan da aka yanke da rarar kainuwa kuma a shanya su a rana su bushe kafin a zubar, kada su shiga kwata ko rafi, musamman waɗanda aka sayo daga wani yanki.